Shagon da ya dawo min da imel ɗina a titin Ahmadu Bello

Sana'ata citta da riɗi. Ina saye a Kachia da Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da su, in tara a sito a Mando cikin garin Kaduna, in ɗora wa masu fitarwa waje a Legas. Mutanen Legas ba sa ciniki da baki. Duk abin da muka tsayar ta waya sai a biyo shi da imel: farashin tan, ranar lodi, nawa za a biya kafin kaya su tashi, nawa bayan sun sauka. Tun 2014 ɗan ƙanwata ya sa min Thunderbird, manhajar karanta imel, a kwamfutar tebur da ke ofishina, ya ce kyauta ce, kamfanin Mozilla masu Firefox ne suka yi ta. Shekara goma a ciki nake karanta saƙo, a ciki nake amsawa, ban taɓa tambayar inda take ajiye su ba.

Wata Laraba cikin watan Agustan 2024, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na kunna kwamfutar tana cikin sauke saƙonni aka ɗauke wuta. Aka dawo da ita, aka sake ɗaukewa. Da na tayar da inji na buɗe, saƙo goma sha ɗaya na tarar a akwatin shigowa. Goma sha ɗaya, a wurin da na saba ganin dubbai.

Abin da ya sa hankalina ya tashi fiye da kima shi ne a makon nan ɗin muna cikin ja-in-ja da wani mai saye. Kowa a harkarmu ya san abin da cutar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta yi a daminar 2023, da yadda farashi ya tashi bayanta. Mun tsayar da farashi da mutumin nan a watan Mayu, kaya suka sauka, sai ya ce ba haka muka yi ba, ya kawo adadin da ya gaza nawa. Hujjata ɗaya ce, imel ɗin da ya turo da hannunsa yana cewa ya amince. Na shiga ta intanet in duba ko yana can, na tarar da saƙonnin mako biyu kawai. Daga baya na fahimci dalili: an saita min akwatin ne da tsarin POP, wanda ke sauke saƙo cikin kwamfuta, kuma an sa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni a intanet, ta riƙa sharewa bayan kwana 14.

Shagon farko da na je, a kusa da ofishina, yaron bai ko buɗe manhajar ba ya ce cuta ce ta shiga, a yi wa kwamfutar fomatin a sake zuba komai. Na ce saƙonnina fa? Ya ce za su dawo da kansu daga intanet. Na riga na san ba sa can, don haka na ɗauki kayana na fita. Wani abokina mai aikin ɗab'i a Tudun Wada ne ya ce in je wurin wani matashi a titin Ahmadu Bello, a saman wani bene. A kan shagon nan nake wannan rubutu.

Zan fara da abin da bai yi min daɗi ba, don kada wanda zai je ya ce ban faɗa masa ba. Babu allo a bakin titi, sai ka tambaya. Wurin ajiye mota wahala ne, kamar ko'ina a wannan titin da rana. Matakalar ƙunci gare ta, kuma hawa da akwatin kwamfutar tebur a hannu ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekaruna. Yaron shagon ne ya sauko ya karɓe ni. A ciki benci ɗaya ne, injin maƙwabta yana ƙara a bayan taga, kuma na zauna kusan awa biyu kafin layi ya zo kaina, don mai shagon ba ya barin aikin da ke hannunsa ya kama wani. Ko wayarsa ba ya ɗauka in yana aiki.

Kowa Injiniya yake ce masa. Da ya juyo gare ni, tambaya ta farko da ya yi ita ce: "Alhaji, tun da abin ya faru me ka taɓa?" Na ce ban taɓa komai ba sai buɗewa da rufewa. Ya ce, "Akwai wani ɗan akwati da yake fitowa lokaci-lokaci yana tambaya ko a matse folda don a samu wuri, an rubuta Compact. Kana amsa masa?" Na ce shekara da shekaru ina ganinsa, kullum rufe shi nake yi, don ba na danna abin da ban sani ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ja kujera.

Bai buɗe Thunderbird ba tukuna. Sai da ya shiga inda take ɓoye kayanta, wata folda mai suna Profiles a cikin AppData, ya kwafe ta gaba ɗaya zuwa wata ma'ajiya ta waje. Kwafin ya ci kusan minti ashirin, ni kuwa ina ta ƙagauta. Ya ce duk abin da zai yi a kan kwafin zai yi, in ya ɓata, asalin yana nan. Wannan kaɗai ya bambanta shi da duk mai gyaran da na taɓa kai wa kaya, kuma tun daga nan zuciyata ta fara kwanciya.

Sai ya nuna min fayil biyu gefe da gefe. Ɗaya sunansa Inbox, ba shi da wutsiya, wato haruffan nan da ke biyo ɗigo a ƙarshen sunan fayil, girmansa ya haura gigabait 2. Ɗayan Inbox.msf, ɗan ƙarami. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa, sai ya yi min bayani da yaren da nake ji. Ya ce babban fayil ɗin shi ne sito, duk saƙon da ya taɓa shigowa yana ciki, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna, har da takardun da aka liƙa musu. Ƙaramin kuwa littafin mai gadin sito ne, inda ake rubuta wane buhu ne a wane wuri. Abin da nake gani a allo littafin ne ake karanta min. An ɗauke wuta mai gadi yana tsakiyar rubutu, littafi ya lalace, amma buhuna suna nan, ga nauyinsu ma muna gani. Ya buɗe manhajar, ya danna akwatin shigowa da ɓangaren dama na linzami, ya shiga Properties, ya danna Repair Folder. Ta sake bin siton tun daga farko tana rubuta sabon littafi. Ina tsaye a bayansa saƙonni suka riƙa cika allo, 2024, 2023, har can baya. Na yi hamdala da ƙarfi har mutanen benci suka juyo.

Na ce ya nemo min sunan mutumin Legas. Saƙonninsa suka fito, amma na watan Mayu babu.

Nan na kira yaron ofishina. Bayan ɗan shiru ya ce a watan Yuni ya ga tallace-tallace sun yi yawa, ya zaɓi saƙonni da yawa a jere ya share, ya kuma zubar da kwandon shara. Bai san akwai na kasuwa a ciki ba. Ban yi masa faɗa ba, gyara ya yi niyya.

A nan ne na ga aikin da ya cancanci kuɗin da na biya. Injiniya ya ce in aka share saƙo, Thunderbird ba ta fitar da buhun daga sito nan take, alama kawai take sa masa cewa na fitarwa ne, ta daina nuna shi. Motar da ke zuwa ta kwashe masu alamar ita ce Compact ɗin nan da na yi shekaru ina rufewa. Ya rufe manhajar, ya buɗe kwafin babban fayil ɗin da wata manhajar rubutu mai iya ɗaukar manyan fayiloli. A saman kowane saƙo akwai layi da aka rubuta X-Mozilla-Status, da lambobi huɗu a gabansa. Ya ce 0001 saƙon da aka karanta ne, 0009 wanda aka karanta aka share. Ya mayar da duk 0009 zuwa 0000, ya sa fayil ɗin cikin Local Folders da sabon suna, ya buɗe. Saƙonni barjat suka dawo, yawancinsu tarkacen talla. Muka nema. Babu shi.

Gabana ya faɗi karo na biyu. Shi kuwa ya yi shiru yana kallon allo, sai ya ce, "Alhaji, ka amsa masa wannan saƙon?" Na ce ƙwarai, a ranar na amsa. Ya ce to ba 0009 ba ne. Lambobin tara su ake yi: karantawa ɗaya, amsawa biyu, sharewa takwas, jimla goma sha ɗaya, kuma a irin lissafin da kwamfuta ke yi ana rubuta goma sha ɗaya da harafin b. Ya nemi 000b, ya gyara su, ya share ƙaramin fayil ɗin don a sake rubuta shi, ya buɗe. Ga saƙon nan, da kwanan watansa, da farashin, da kalmar amincewar mutumin. Da wani ne, bayan gwaji na farko zai ce min ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma da na yarda na tafi.

Akwai abin da bai samo ba, kuma ya faɗa min kai tsaye. Na yi abokin ciniki a Kafanchan, Allah ya jiƙansa, wanda muka yi ta musayar saƙo a shekarun farko. An share nasa tun 2017, kuma a shekarar ne ɗan ƙanwata ya canja min kwamfuta, ya matse foldojin kafin ya kwashe. Injiniya ya duba, ya ce waɗannan mota ta riga ta kwashe su, tsohuwar kwamfutar ma ba ta hannuna, kada in kashe kuɗi a wurin duk wanda ya ce zai dawo da su daga wannan. Na ji zafin abin, amma na fi son a faɗa min gaskiya.

Naira 15,000 ya caje ni. Ban yi ciniki ba. Sai dai bai ba ni rasit ba, na tura ta banki shi ke nan, kuma a ganina shagon da ke karɓar kayan mutane ya kamata ya riƙa ba da takarda.

Babban ƙorafina a kan sirri ne. Allon da yake aiki a kai yana fuskantar benci, duk wanda ke zaune yana iya karanta saƙonnina, da farashi da lambobin asusu. Sai da na yi magana ya juya shi. Haka kuma kwafin da ya ɗauka yana cikin ma'ajiyarsa har na miƙe zan tafi. Ni na tuna masa, sannan ya share a gabana ya ba ni haƙuri. Ban ga alamar mugun nufi a tare da shi ba ko kaɗan, amma wanda zai kai masa akwatin imel ya tuna cewa asirin kasuwarsa ne dukkansa a fayil ɗaya. Ka tsaya a wurin har a gama, ka zo da filash ɗinka a yi kwafin a ciki, kada ka bar kwamfutar ta kwana.

Muna cikin aiki wata baiwar Allah ta shigo da irin matsalata, amma ita Outlook take amfani da shi. Na ji yana ce mata, "Hajiya, naki daban ne," wai Outlook a fayil mai wutsiyar pst yake tara komai, kuma akwai ɗan kayan gyara mai suna scanpst da ke zuwa tare da Office. Ita ma kwafi ya fara yi. Ban tsaya na ga ƙarshen nata ba, amma na lura ba ni kaɗai ya yi wa wannan tsari ba.

Kafin in tafi ya yi min abubuwa uku ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya cire umarnin kwana 14 ɗin nan don saƙonni su riƙa zama a uwar garke. Ya kunna wani saiti da ke bai wa manhajar kariya damar kama saƙo ɗaya mai cuta tun yana shigowa, don ya ce ya sha ganin an killace Inbox ɗin mutum gaba ɗaya saboda takarda ɗaya da aka liƙa. Sannan ya rubuta min a bayan kati yadda zan isa foldar nan ta Help da Troubleshooting Information, ya ce duk ƙarshen wata in rufe manhajar in kwafe ta a filash. Ya kuma ce yanzu da nake da kwafi, in riƙa barin Compact ya yi aikinsa lokaci-lokaci, don sito ma in ba a kwashe shara cika yake yi.

A daren na tura wa mutumin Legas saƙonsa yadda ya rubuto shi. Bai amsa ba sai bayan kwana biyu, ranar Litinin kuma cikon kuɗina ya shigo. A ciki na sayi UPS, na'urar nan mai riƙe wuta na ɗan mintuna, a wani shago da ke ƙasan benen. Wanda zai je wurin Injiniya ya je da safe kafin ƙarfe goma, lokacin benci bai cika ba. Ranar Juma'a yana rufewa tun ƙarfe ɗaya, sai bayan an sauko daga masallaci.