GARGAƊI: Na biya Naira 2,300,000 an sayar mini da kayana

Masu katafila da masu ba da hayar eskabeta, ku yi hattara da wani mutum da ke yawo wuraren aiki da kwamfuta a jaka yana kiran kansa injiniya. Naira 2,300,000 ya karɓa a hannuna. Miliyan 2 da dubu 300, ban da 150,000 na abin da ya kira "sikanin", wato binciken matsalar inji da kwamfuta. Ba zan kama sunansa a nan ba saboda magana tana hannun 'yan sanda, amma rasit ɗin banki da saƙonninmu na WhatsApp da muryarsa duk suna wayata, kuma wallahi zan sako su ɗaya bayan ɗaya.

Injina Komatsu PC200-8 ne, muna haƙar marmara da shi. Ana cikin lodi sai ƙarfi ya ragu, inji ya riƙa hawa da sauka, allon da ke gaban direba ya nuna lambar matsala E15, da aka duba ciki aka ga wata lambar, CA187. Tifofi a jere, direbobi sai kirana suke, mai kwangila yana cewa zai ɗauko injin wani. A cikin wannan halin aka kawo mini mutumin.

Kuma ba a titi na tsince shi ba, don na san akwai masu cewa "Alhaji ai garaje ka yi". Wanda ya haɗa mu mutum ne da muka daɗe muna harka, shi ma yanzu ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Mutumin ya zo da kayan aiki a jikinsa, da igiyoyinsa, yana kiran sunan kowane sashe na inji ba gargada. Ya san injin 6D107 ne tun kafin a buɗe murfi. Wa zai ga wannan ya ce ɗan damfara ne? Wa?

Abin da ya ƙi barin raina shi ne la'asar ɗin nan. Ya jona kwamfutarsa, ya ɗan girgiza kai, sai aka kira salla. Tare muka yi alwala da buta ɗaya. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa a jikin tawa. Da muka sallame ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, birenbos ɗinka, wato kwamfutar injin, ya ƙone. Da wani ne sai ya yi ta canja maka sansa yana cin kuɗinka, ni ba zan ci haram ba." Ni ba zan ci haram ba! Hannuna a cikin nasa ya faɗi haka, ko tashi daga tabarma ba mu yi ba. Na miƙa masa kuɗin abinci ma ya ƙi karɓa. Ya ƙi Naira 5,000 domin yana hangen 2,300,000.

Ya ce yana da mutum a Legas mai sabo fil a kwali, amma sai an tafi da tsohon nawa a kwafe bayanan ciki a zuba wa sabon. Ya kwance ya tafi da shi. A'a, kafin nan ma na tura masa 1,500,000, cikon 800,000 kuma ranar da ya dawo da kwalin. Ko kuwa sikanin ne ya fara? Eh, 150,000 ɗin tun ranar farko, a hannu, gaban direbana. Duk dai yana rubuce.

Ya ɗaura, aka tayar da inji. E15 tana nan daram. CA187 tana nan. Ko gezau bai yi ba, ya ce ai sabon yana buƙatar "firogiramin", in ƙara 400,000 ya kira wani ya buɗe ta intanet. Nan na ce ban ƙara ko sisi sai na ga inji yana aiki. Ya ce zai je gari ya ɗauko wata igiya. Tafiyar ke nan. Waya a kashe, hoton WhatsApp ya ɓace, shagon da ya kwatanta mini kuwa na je na tarar ana sayar da taya.

Wani dattijo mai gyaran wayarin manyan motoci ne ya zo daga baya, ba kwamfuta, mita kawai da ɗan sukundireba. Ya ce, "Alhaji, wa ya ce maka wannan lamba ta ƙonewar kwamfuta ce?" Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Batir biyu ne a injin, wuta mai ƙarfin bolt 24 ke nan, amma sansoshi, wato 'yan na'urorin da ke auna abubuwa suna kai wa kwamfuta rahoto, ba sa ɗaukar wannan. Kwamfutar inji ce take ba su wuta 5 a layi ɗaya da suke rabawa, kuma CA187 cewa take yi wutar wannan layin ta faɗi ƙasa. Ko dai wani sansa ya lalace yana janye wutar, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Kwamfutar ita ce ta ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke kowa. Ya riƙa cire filogi ɗaya-ɗaya yana kunna makulli yana duba allo: na matsin mai, na matsin iska, na juyin inji, har maɓallin ƙara wuta da ke cikin ɗakin direba. Lamba ba ta tafi ba. Sai ya bi damin wayoyin da hannu, ya iske inda ya goga da wani ƙarfe har jan waya ya fito. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe, ya ɗaure nesa da ƙarfen. Mita ta nuna wuta 5. Lamba ta tafi, inji ya dawo da ƙarfinsa. Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce 30,000. Dubu 30, jama'a, ni kuwa na zubar da 2,300,000.

To ga inda ya fi ƙona mini rai. Tun ranar da zai kwance tsohon, direbana ya ɗauki hotonsa da wayarsa, haka kawai Allah ya sa. Da Baba ya haska fitila a kan "sabon" sai yaron ya ce, "Oga, wannan lauyewar da ke kunnen ƙusa ai irin ta namu ce." Muka ɓamɓare takardar da aka manna, ga lambar asali a ƙasa, muka gwada da hoto. Ɗaya ce. Nawa ne! Wanke shi ya yi, ya fesa fenti, ya manna sabuwar takarda, ya sa a kwali ya dawo mini da shi. Shi ya sa inji ya tashi lafiya da waya ta gyaru, don tun asali babu abin da ya same shi. Kayana na saya da kuɗina, 2,300,000, daga hannun wanda ya ce ba zai ci haram ba. Wannan hoton ma zan sako shi kusa da ɗayan ku gani da idonku.

Iyalina har yanzu ban faɗa musu adadin ba. Kuɗin da na ware na canja sarƙar injin ne.

Kada ku bari kowa ya fita da birenbos daga wurin aiki, ku ɗauki hoton lambarsa, kuma a auna waya kafin a yi maganar kuɗi. Wanda duk mutumin nan ya taɓa yi wa irin wannan, dogo ne mai tabo a gefen gira, ya yi mini magana ta saƙo mu haɗa ƙorafi, domin ni ban yafe ba kuma ba zan janye ba.