Kejin ƙarfe ko ɗan ɗakin bulo: ina za a ajiye batiran sola a tsakar gida?

Malam, ka ce batiranka huɗu ne masu ruwa, kowanne 200Ah, uwargida ta gaji da warinsu a falo, kana so ka fito da su tsakar gida a nan Zariya. Mai walda ya ce keji, magini ya ce ɗan ɗakin bulo. Fito da su ɗin kam ka yi daidai. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama da wuta.

Keji ya fi sauƙin kuɗi, iska na ratsa shi ta ko'ina, kuma in gidan haya kake, ranar tashi ka ɗora shi a mota. Amma abin da ke kashe batir a garin nan zafi ne. Batirin dalma, wato irin naka mai ruwa, ya fi son ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kusan 10 a kan haka yana cinye rabin shekarunsa. A Maris da Afrilu inuwa ma takan doshi 40, balle kejin da aka yi wa hula da kwano. Ka ɗora hannu a kansa da azahar ka ji. Ruwan batirin zai riƙa ƙonewa da wuri, farantan ciki su leƙo waje, daga nan batirin ya daina riƙe caji. Da hunturu ƙura za ta kwanta a samansa, ta haɗu da danshin asid, wuta ta riƙa zurarewa tsakanin kawunan biyu. Ga feshin ruwan Agusta da ke shigowa ta gefe.

Ɗakin bulo ya fi cin kuɗi, amma bango na tare rana, ya fi wuyar ɓallewa ga ɓarawo, yara da awaki kuma ba sa kaiwa. In da hali ma a yi na tubalin ƙasa a shafe shi da siminti, ya fi sanyi nesa ba kusa ba. Hatsarinsa ɗaya, wanda magina da yawa ke yi: su toshe shi ruf don kada ƙura ta shiga. Kar ka yarda. Haidurojin sama take tashi, don haka a bar kafa a ƙasa, a bar wata can kusa da rufi a bangon da ke fuskantarta, a sa musu raga saboda ɓeraye da ƙadangaru. A yi silin ƙarƙashin kwanon. A yi dakali ya ɗaga su daga ƙasa, domin kowanne ya kusa kilo 60, ba abin da za ka yi ta jan sa ba ne in ruwa ya kwanto. Kada a yi dakalin da katako, gara za ta same shi.

Ni dai in gidanka ne, bulo zan ce. In haya ce, keji ya yi, da sharaɗin ya zauna ƙarƙashin baranda ko inuwar da ranar yamma ba ta dukanta.

Ko wanne ka zaɓa, ka jingina shi da bangon ɗakin da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama wutar gida) take ciki, don waya mai tsawo tana zubar da wuta, ta kuma yi zafi. Kada a rataye inbatar a saman batiran, tururin asid zai ci ta. Ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin batir da batir, da sarari a sama yadda za ka iya buɗe murafun. Da bazara ka riƙa duba ruwan kowane wata, kuma tataccen ruwan batir za ka ƙara, ba asid ba, ba na rijiya ba.