Faransar da babu mai garuwa

Masu turo mini saƙo kuna cewa "Malam, ai kai ka huta, kana Faransa," ga amsarku a dunƙule. A takarda kam ina Faransa. Da yuro ake biyana, jandarmomin bakin hanya na Faransa ne, lissafin da nake koyarwa shi ake koyarwa a Paris. Sai dai tsakanina da Paris ɗin akwai kusan kilomita 8,000. Sunan wurin Mayot, tsibiri ne a tekun Indiya, tsakanin Madagaska da gaɓar Mozambik. Faɗinsa murabba'in kilomita 374 ne kawai, mutanen cikinsa kuwa sun haura 300,000. A 1974 da sauran tsibiran Komoro suka zaɓi cin gashin kansu, mutanen nan suka ce su dai a bar su da Faransa, a 2011 kuma aka mayar da shi jiha kamar kowace jihar ƙasar.

To, a wannan jihar ta Faransa ne ruwa ya wulaƙanta ni.

A 2023 damina ta yi gardama, madatsun ruwa na Kombani da Dzumonye suka kusa ƙafewa. Daga watan Satumba aka koma ba da ruwa rana ɗaya, a ɗauke kwana biyu. Da farko dariya ma na yi, don ɗan Damagaram ba a koya masa zama da busasshen famfo. Na fito ƙofar gida da kuɗina a hannu, ina duba ta inda kura za ta ɓullo. Shiru. Na tambayi maƙwabciyata, wata dattijuwa, ina ake samun masu sayar da ruwa gida-gida. Ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar zuwa wata. Ashe sana'ar ce gaba ɗaya ban taɓa gani ba a nan, ban kuma lura ba sai ranar da na buƙace ta. Kana da albashi, kana da katin banki, amma babu wanda zai kawo maka ko bokiti ɗaya.

Haka na ɗauki jarka biyu na nufi famfon unguwa, ni da gemuna. A layin nan na tarar da ɗalibaina, waɗanda jiya-jiya nake yi wa faɗa kan aikin gida. Suka gaishe ni cikin ladabi, suna ɓoye murmushi. Ɗaya ya karɓi jarka guda ya hau tudu da ita har ƙofata, na miƙa masa ɗan abu ya ƙi karɓa. Wallahi da ya karɓa da ya fi mini sauƙi.

Ruwan sha kuma sai na kwalba. Na biya yuro shida, kusan jika huɗu na sefa, a kan ƙunshin kwalba shida, shi ma sai da na zaga kantuna kafin na samu. Ku lissafa kura nawa wannan kuɗin zai cika a gida. Sai wajen ƙarshen shekarar gwamnati ta shiga raba ruwan kwalba kyauta, wanda ake kawowa ta jiragen ruwa. A lokacin na riƙa tuna bawan Allahn nan da ke turo kura a rana tsaka, mu tsaya muna ja-in-ja da shi a kan dala biyar, wani ma ko sunansa bai sani ba, sai "kai, mai ruwa!" Ba mu san rufin asirin da yake yi mana ba.

Amma in faɗi gaskiya, sun fi mu a abu ɗaya: suna sanarwa. Ana fitar da jadawali, unguwa kaza ruwanta ranar kaza, da gargaɗin a tafasa shi kafin a sha. Ba kullum jadawalin ke cika alkawari ba, amma aƙalla an ɗauke ka mutum an yi maka bayani. Mu kuwa famfo ya yi sati a bushe babu mai ce maka uffan, takardar biya ce kaɗai ba ta makara.

Ni ma wahalata ta masu gata ce. A kan tuddan Kaweni, kusa da Mamudzu babban gari, gidajen langa-langa ne jingim, yawancin mazaunansu daga tsibirin Anjuwan na Komoro suka fito, mai nisan kilomita 70, cikin ƙananan kwale-kwale da ake kira kwasa-kwasa, da yawa kuma teku ta cinye su a hanya. Su dama famfon kati suke amfani da shi, ka sa kuɗi a kati ka ɗebi ruwa. Wajen kashi uku cikin huɗu na mutanen tsibirin talakawa ne a ma'aunin Faransa. Guguwar Chido ta 14 ga Disamba, 2024, ta zo ta kwashe irin waɗannan gidaje.

Kasuwa ma ba ta da daɗin labari. Kusan komai ta tashar jiragen ruwa ta Longoni yake shigowa, abin da tsibirin ke fitarwa kuwa bai taka kara ya karya ba. Abincin kowa shi ne mabawa, fukafukan kaji daskararru daga ƙasashen waje, ana gasa su a bakin hanya a haɗa da soyayyen rogo ko ɗanyar ayaba. Kada ku raina su, a 2011 sai da aka yi fiye da wata guda ana zanga-zangar tsadar rayuwa, farashinsu yana kan gaba. Nama kuwa yawanci a kwali yake zuwa, da ƙanƙararsa. Ina mahaucin da zai yanko maka inda ka nuna, har ya ƙara maka gyara? Albasa ƙanana, da tsada, in na gan su sai in tuna tulin albasar Galmi da muke bari tana ruɓewa a bakin titi.

Mutanen dai ba ni da abin cewa a kansu sai alheri. Kusan dukkansu Musulmi ne, yara suna zuwa makarantar allo kafin lekol, masallacin Tsingoni kuma a jikin mihirabinsa akwai shekarar da ta yi daidai da 1538. Harshensu Shimawore ɗan'uwan Suwahili ne, wasu ƙauyuka kuma suna yin Kibushi, na tushen Madagaska. Abin da ya fi ba ni mamaki, gida na mace ne. Iyaye ke gina wa 'yarsu, miji ya tare a wurinta, in aure ya mutu shi zai ɗauki jakarsa ya fita. Na so a kawo mazan garinmu masu saki uku a kan gishirin miya su yi shekara guda a nan.

Masu cewa in nemo musu aiki, ku sani bizar Mayot daban take, takardar zama ta nan ba ta kai mutum Paris kai tsaye, kuɗin haya kuma yana cinye albashi. Wanda duk da haka ya ƙudurta tahowa, don Allah ya riƙo mini kuka da daddawa da yaji mai yawa.