Hawan Kibo ko Hawan Mambila: Wanne Kosta Marar Turbo Za Ta Fara Gwadawa?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce ka sayi Toyota Coaster mai injin 1HZ na gas (dizal), wanda ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, ka cire kujerun baya ka sa gado da wurin girki da tankin ruwa, kuma kana son ka ɗauki iyali ku hau tudu a hutun ƙarshen shekara. Ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin Jos da Gembu da ke kan tsaunin Mambila, sannan wasu sun tsorata ka cewa motar ba za ta iya hawa ba sai an ɗaura mata turbo. Na bi hanyoyin nan biyu da irin wannan injin, don haka ga abin da na gani.

Motarka za ta hau duka biyun in sha Allahu. Injin 1HZ mai silinda 6 ne, lita 4.2, ƙarfinsa wajen doki 130, kuma tun 1990 yake jan Land Cruiser da Kosta a wuraren da suka fi waɗannan wuya. Matsalarsa ɗaya, iskar da ya samu ita yake shaƙa, babu abin da ke tura masa ƙari. Duk mita 300 da ka hau, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Jos tana wajen mita 1,200 daga saman teku, ka ga doki 15 sun tafi ke nan. Tsaunin Mambila kuwa wajen mita 1,600 ne, wasu wuraren kamar Nguroje sun fi haka, don haka sama da doki 20 za ka rasa. A takarda bambancin kaɗan ne. Da ƙafarka a kan totur da lodi a bayanka, za ka ji shi a jikinka.

Hanyar Jos ta fi sauƙi, kuma tana ba ka zaɓi. Idan daga Kano ko Zariya ka taso, ka biyo ta Saminaka da Jengre, tudun a hankali yake ɗaga ka, wani lokacin ma sai sanyin iska ne zai gaya maka ka hau. Idan daga Abuja ne, ta Keffi da Akwanga da Gwantu, to nan za ka haɗu da Hawan Kibo a ƙaramar hukumar Riyom, kusa da ruwan Assop mai gangarowa daga dutse. Hawan yana da tsayi, yana da kwana, amma ba ya daɗewa. Kafin injin ya gama tara zafi ka kusa kaiwa sama. Haɗarin wurin yawanci daga wasu motocin yake zuwa, tireloli da tankoki masu gangarowa da birki ya yi zafi, da ƙananan motocin da ke ƙoƙarin wuce ka a kwana saboda kana tafiyar hawainiya. Ka riƙe hannunka, kada ka bari hon ɗin wani ya sa ka taka abin da injinka ba zai iya ba. In wani abu ya lalace, Bukuru da Jos suna gabanka, bakanike da kayan gyaran Toyota ba sa wahalar samu.

Mambila wata duniya ce daban. Tun kafin ka ga dutsen ka riga ka sha tafiya: Jalingo, Garba Chede, Bali, Serti, sannan Mayo Selbe a gindin tsaunin. Ƙasan nan zafi gare shi, don haka injin yana fara hawan ne da zafinsa. Daga nan kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, kwari mai zurfi a ɗaya gefen, har da wurin da direbobi ke kira Biyu da Sisi, kafin ka fito fili wajen Maisamari. Abin da Hawan Kibo ke nema a wurin injinka na ɗan lokaci, nan sai ya yi ta bayarwa babu hutu, a giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, iskar kuma tana ƙara raguwa.

A hawana na farko na yi kuskuren tasowa daga Serti da rana tsaka. Muna tsakiyar hawan na leƙa madubi na ga baƙin hayaƙi yana bin mu, allurar zafi kuma ta bar tsakiya tana matsawa sama. Na samu ɗan fili na raɓe, ƙanena ya sauka ya sa weji a bayan taya, na bar injin yana aiki a tsaye, na ɗan ɗaga totur don fanka ta ja iska. Ban kashe shi ba, domin da ka kashe ruwan ya daina zagayawa, zafin ya taru a kan injin. Ban kuma taɓa murfin lagireto ba. Muna tsaye wani dattijo direban Land Rover ya tsaya, ya dubi salansar ya ce mini, "Ɗana, man da kake ba ta ya fi iskar da take samu, sauko da giya ka sassauta ƙafa." Haka na yi, muka ƙarasa a giya ta biyu, hayaƙin ya washe, allurar ta koma wurinta.

Maganar dattijon ita ce sirrin injin marar turbo a kan tudu. Baƙin hayaƙi gas ne da bai ƙone ba, ba ya ƙara maka ƙarfi, zafi kawai yake tarawa a fistin da kan injin. Wasu 1HZ suna zuwa da na'urar da ke rage mai idan an hau sama, wasu babu, sai ƙafarka ta yi aikin. Ka canza giya tun kafin motar ta fara shaƙewa, ka kashe AC a duk tsawon hawan, kuma kada ka yarda wani ya buɗe maka injekta, wato ya ƙara man da ke shiga injin, wai don motar ta ƙara ƙarfi. Batun ɗaura turbo ma ban goyi baya ba saboda tafiya ɗaya. Ba a ƙera cikin 1HZ don wannan matsin ba, in aikin bai yi kyau ba fistin ko kan injin ne zai tsage. Kuɗin gara ka kashe su a wanke lagireto, sabon murfinsa, fanbel, matatar iska da gyaran nozul. In bel ɗin tayimin ya kusa kilomita 100,000, canza shi kafin ka tashi.

Saukowa ce ta fi ba ni tsoro, kuma a nan tazarar hanyoyin biyu ta fi faɗi. A Hawan Kibo, in ka shiga gangarar da giya ta biyu ko ta uku, ka gama kafin birki ya gaji. A Mambila gangarar tana da tsawon da za ta cinye birkin duk wanda ya ɗora ƙafa a kansa ya bari. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. In motarka tana da birkin salansa, wato wanda ke toshe hanyar hayaƙi don injin ya riƙe mota, ka tabbatar yana aiki tun daga gida, shi ne abokinka a wurin. Birkin ƙafa kuwa ka taka da ƙarfi, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Da ka ji warin ƙuna ko ka ji fedar ta yi laushi, ka tsaya. Man birkin da ya daɗe yana shan ruwa, in ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji babu komai, don haka a zubar da tsohon a zuba sabo. Kada ka taɓa sakin mota a firi a gangara, ko da na minti ɗaya ne.

Sai lodi. Ka cire kujeru, amma katakon gado da tukunyar gas da batura da janareta sun mayar da nauyin, wataƙila ma sun ɗara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankinka na lita 200 buhu huɗu ne na siminti. Zuwa Jos wannan ba zai dame ka sosai ba. Zuwa Gembu, ka hau da rubu'in tanki, ruwa ba ya wuya a sama. Tankin mai kuma akasin haka, ka cika shi a Jalingo, kada ka dogara da abin da za ka samu a gaba. Ka ɗaure komai tamau a ciki, musamman tukunyar gas, saboda kwanonin.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Damina tana daɗewa a Mambila, da hazo mai rufe hanya da santsi, amma Disamba rani ne. Sanyin asuba a wuraren biyu yana sa injin gas nauyin tashi, ka duba hitar da ke ɗumama injin kafin tashi da kuma batir.

Da ni ne kai, bana Jos zan je, ta Hawan Kibo da gangan. Ka sa ido a kan allurar zafi da madubi, ka ga giyar da take so, ka ji yadda birki yake a dawowa. In ta wuce wannan lafiya, baɗi ka nufi Gembu, ka kwana a Serti, ka tambayi direbobin tasha halin hanya da gadoji, ka fara hawan bayan sallar asuba da gari ya yi haske. Daga Nguroje kuma ka ratsa Kakara yaran su ga gonar shayi.