Sankarar Mama a Mataki na 4: Wane Tallafi na Intanet Ya Dace da Ke?

Idan sankarar mama ta bazu zuwa ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa, wato mataki na 4, magani yakan koma na danne cutar da rage raɗaɗi. Damuwar mai wannan hali daban take: fargabar sakamakon kowane gwaji, rashin barci, da tunanin yadda za ta sanar da 'ya'yanta. Ga jikin da ba kullum yake bari a fita ba. Nan tallafi ta waya yake da rana.

Zaurukan Facebook da WhatsApp sun fi sauƙin samu. Ko tsakar dare kika rubuta "na kasa barci", ba za ki rasa mai amsawa ba. Amma kafin ki shiga, tambayi ko na 'yan mataki na 4 ne zalla. In an gauraya ku da masu matakin farko, kullum ana murnar wata ta gama magani, ke kuwa naki ba shi da ranar gamawa, kuma wannan yana cin rai. Sai ki duba ko akwai mai kula. In babu, masu tallar maganin bogi za su cika wurin, kuma ranar da wata ta rasu babu mai riƙe sauran.

Ni dai na fi karkata ga rukunin da ƙwararre yake jagoranta ta kiran bidiyo. A 1989 wani bincike a jami'ar Stanford ya nuna kamar zaman rukuni yana ƙara kwana. Da aka sake gwadawa a Kanada da mata 235, sakamakon 2001 bai nuna haka ba, sai dai damuwa da jin zafi sun ragu. Duk wanda ya yi miki alkawarin tsawon rai, ki guje shi.

Ganawa tsakaninki da masanin halayyar ɗan adam ta fi tsada, amma ita ta dace idan baƙin ciki ya hana ki ci da barci. Ki tambaye shi ko ya taɓa aiki da masu sankara, kuma ko zai riƙa tuntuɓar likitanki.

Manhajojin koyon kwantar da hankali suna taimaka wa barci, sai dai ki fara duba wa ke ganin bayananki. Kuma idan sabon ciwo ya taso, ko tunanin cutar da kanki ya zo, ki kira likitocinki nan take.