Mai horar da karnuka da ke zuwa har gida: abin da na gani a aikinsa

Akwai masu horar da karnuka da ke tafiya da kare, bayan wani lokaci su dawo da shi ya iya bin umarni. Wanda nake magana a kansa har gida yake zuwa, kuma mai karen yake koya wa aiki fiye da karen. Na neme shi ne saboda babban karen da na karɓo ya ƙi sakin jiki da ni, da zarar na shigo sai ya maƙale a lungu, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafunsa, ya kwantar da kunnuwa.

Sharaɗinsa na farko shi ne likitan dabbobi ya duba karen, domin ciwon kunne ko na haƙori ko na gaɓoɓi kan sa kare ya guji hannun mutum. Da aka tabbatar lafiyarsa lau, sai ya zo ya zauna a ƙasa nesa da shi, ya ba shi gefe, bai kira shi ba, bai kuma haɗa ido da shi ba. Ya bayyana mini cewa ƙura wa kare ido, da sunkuyawa a kansa, da miƙa hannu ta saman kansa, duk barazana ce a wurin kare mai tsoro ko da mutum da kyakkyawar niyya ya yi su. Ya kuma nuna mini alamomin da mutane ba su cika lura da su ba, kamar lasar leɓe, da hamma ba don barci ba, da kau da kai har farin ido ya bayyana. Abin da ake ɗauka ƙiyayya ce, a wajensa tsoro ne tsagwaronsa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce jefa guntun nama ta bayan karen maimakon riƙe shi a hannu. Idan aka riƙe a hannu, kwaɗayi kan janyo kare ya matso fiye da yadda zuciyarsa ta amince, sai ya tsinci kansa dab da wanda yake tsoro, kuma a irin wannan yanayi ne cizo kan auku. Idan kuwa aka jefa baya, ya samu nama, ya samu tazara, sannan dawowar ta zama zaɓinsa. Na ga karen ya juya ya ɗauka, ya tsaya yana ɗaga hanci yana shinshinar iska, sannan ya tako a hankali zuwa inda muke ba tare da kowa ya kira shi ba. Sannu a hankali har ya kai ga kwanciya kusa da ƙafata, ko da yake baƙi har yanzu yana ɗari-ɗari da su.

Ya hana a tsawata wa karen ko a doke shi idan ya yi gurnani, domin gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi yana iya cizo ba sanarwa. Na yarda da shi a nan ƙwarai. Tunanin cewa dole mai kare ya nuna masa fin ƙarfi ya samo asali ne daga nazarin da masanin dabbobi Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketai da ke tsare a gidan namun daji, kuma masanin kyarketai David Mech, wanda ya yaɗa wannan tunani a 1970, ya nuna a 1999 cewa garken kyarketai a daji iyali ne na iyaye da 'ya'yansu, ba taron masu gwada fin ƙarfi ba. A 2021 ma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa horo da lada, a bar azabtarwa.

Inda aikinsa ya gaza shi ne ba ya barin rubutaccen tsari, alhali duk mutanen gida suna bukatar bin hanya ɗaya, sannan yana jinkirin amsa saƙo tsakanin ziyara da ziyara. Bai kuma yi alkawarin ranar da karen zai saki jiki ba, wanda ni a ganina gaskiya ce ya faɗa, amma mai gaggawa ba zai ji daɗin hakan ba. Duk wanda zai ɗauki irin wannan mai horarwa, ya fara tambayarsa abin da yake yi idan kare ya yi gurnani, da kuma ko yana amfani da abin wuya mai shaƙewa ko mai jan lantarki, in ya ce yana yi, a nemi wani.