Tomatillo da tumatir: inda nomansu ya zo ɗaya da inda ya bambanta

'Yar'uwar da ta tambaya ko wanda ya saba noman tumatir a gida zai iya bin hanya ɗaya ya noma tomatillo (wani kayan miya mai kama da koren tumatir da ke girma cikin ɓawo), amsar ita ce eh a mafi yawan aikin. Amma akwai wuri biyu da in kika bi tsarin tumatir za ki tashi a tutar babu.

Dangi ɗaya ne, su da barkono da dankalin turawa. Asalin tomatillo ƙasar Meksiko ne, can ne ake yin koriyar miyar nan ta salsa verde da shi. Renonsu iri ɗaya ne: iri ya tsiro cikin mako 1 zuwa 2, a yi dashe bayan mako 4 zuwa 6, a binne karan da ɗan zurfi domin dukansu suna fitar da saiwa a jikin kara. Suna son rana ta awa 6 zuwa 8 da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ki bar tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin tushe da tushe, in kuma a bokiti ne, kada ya gaza lita 20, a huda gindinsa.

Bambanci na farko shi ne babba. Furen tumatir da kansa yake yi wa kansa barbara, iska ta ɗan kaɗa shi ma ya wadatar, shi ya sa tushe ɗaya tak zai ba ki 'ya'ya. Tomatillo kuwa ba ya karɓar garin furen jikinsa. Sai da wani tushen a kusa, ƙudan zuma su ɗebo daga wannan su kai wa wancan. Don haka ki shuka aƙalla biyu, uku ma ya fi, kuma kowanne daga ƙwayar irinsa daban. Reshen da aka yanko daga tushe ɗaya aka dasa ba zai yi ba, domin shuka ɗaya ce har yanzu. Kada a yi feshin maganin ƙwari da rana lokacin da fure ke buɗe, masu yi miki aikin za ki kashe.

A nan mutane da yawa ke rikicewa. Bayan fure ya faɗi, wani ɓawo mai laushi kamar takarda ne ke fara kumbura, ɗan yana ciki ƙarami. In kin matsa da yatsa kika ji iska, kada ki karaya, a hankali yake cika shi. Sai in makonni sun wuce ɓawon na rataye babu komai, to barbara ce ba ta yi ba, ko zafi ya yi tsanani.

Na biyu shi ne girbi. Tumatir launi ake jira. Tomatillo yana kore shar ake cire shi, da tauri, sa'ad da ya cika ɓawon har ya tsaga shi, galibi kwana 75 zuwa 100 bayan dashe. In kika bari ya zama rawaya, tsamin da ake nemansa dominsa ya tafi. Za ki ji jikinsa na danƙo in kin ɓare, ruwa ne kawai ke wanke shi. Ɓawon da ganyen ba a ci. A cikin ɓawonsa zai yi mako 2 zuwa 3 a firji.

A sauran ɗawainiya, ni a ganina tomatillo ya fi sauƙi. Ya fi jure ƙishi, cututtuka ba su cika kama shi kamar tumatir ba, kuma ba sai an bi ana cire ƙananan rassan da ke fitowa tsakanin ganye da kara ba. Taki kaɗan ya ishe shi, in ya yi yawa ganye za ki samu. Sai dai yana bazuwa fiye da mita 1 kuma rassansa saurin karyewa gare su, don haka ki kafa masa sanduna tun ranar dashe, ki ɗaure a hankali. Ki riƙa tsince waɗanda suka faɗi ƙasa, in ba haka ba baɗi za su tsiro miki ko'ina a wurin.